Gidan mai bado a Giverny da agolar da ta riƙe shi

A wani aji na lakwal da na koyar shekarun baya akwai wata tsohuwar kalanda rataye a bango. Shekararta ta daɗe da wucewa, amma ba wanda ya cire ta saboda hoton da ke jiki: wata ƴar gada tsanwa a bisa ruwa, ganyaye shimfiɗe ƙarƙashinta da furanni fari da ja. Wata rana ina yi wa yara bayanin cewa zanen wani shahararren Bafaranshe ne mai suna Claude Monet, sai wani yaro daga bencin baya ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, ai wannan bado ne, akwai shi a tabkin garinmu." Aji ya kwashe da dariya. Yaron kuwa gaskiya ya faɗa. Bado ne, dangin wanda ke rufe tabkunanmu bayan damina, kuma shi mutumin nan ya ɗauki kusan shekara 30 na ƙarshen rayuwarsa yana zanawa, har ya bar zane wajen 250 na wannan fure kaɗai.

Abin da ban gaya wa yaran ba ran nan, don ni ma ban san shi sosai ba, shi ne tabkin da ke cikin hoton ba tarar da shi Monet ya yi ba. Shi ya sa aka haƙa shi, shi ya zaɓi abin da za a shuka a bakinsa, shi ya ce ga launin da za a shafa wa gadar. Haka ya yi da gidan da ke tsallaken hanya, ɗaki bayan ɗaki, tsawon shekara 43. An saba ba da labarin a matsayin na gwani guda da baiwarsa. Ni da na bi shi sai na tarar labarin gida ne, mai cike da yara, da bashi, da gardamar miji da mata a kan itace, da rigimar ruwa da maƙwabta, kuma a ƙarshe da tambayar da kowane mai gida ya sani ko bai faɗa ba: in na kau, wa zai riƙe?

Giverny ƙaramin ƙauye ne a bakin yankin Normandi, kilomita kamar 75 yamma da Faris, kusa da inda kogin Epte ke zuba cikin kogin Seine. Lokacin da Monet ya iso da kayansa a ƙarshen watan Afirilu na 1883, mutanen ƙauyen wajen 300 ne, galibinsu manoma. Shekarunsa 42, sunansa ya fara fita amma aljihunsa bai shaida ba, har sai da dillalin zanensa, Paul Durand-Ruel, ya ba shi kuɗin ƙaura. Kuma ba shi kaɗai ya zo ba. Matarsa ta fari, Camille, ta rasu a 1879 ta bar masa ƴaƴa maza biyu, Jean da Michel. Tun kafin rasuwarta suna zaune gida ɗaya da iyalin wani attajiri mai sayen zanensa, Ernest Hoschedé, wanda jarinsa ya karye a 1877. Ernest ya yi ta nisa da gidan har ya bar shi, matarsa Alice ta zauna da ƴaƴanta shida tana renon na Camille biyu. Zaman ya jawo tsegumi, domin auren Alice bai mutu ba, kuma sai bayan mutuwar Ernest a 1891 aka ɗaura aurenta da Monet a 1892. Ke nan yara takwas ne suka shiga gidan Giverny, biyu na mai gida, shida agololi.

Gidan da suka kama haya na manoma ne, ana kiransa gidan matsar tuffa saboda sana'ar da aka taɓa yi a wurin. A gabansa akwai garka mai katanga, kusan hekta guda, da itatuwan tuffa da fangalin kayan miya. Ba wani abin a zo a gani. Shekara bakwai suna biyan haya kafin Monet ya iya sayen gidan a 1890 a kan faran dubu 22, bayan kasuwar zanensa ta buɗe, musamman wajen masu saye daga Amurka. Daga nan ne ya rinƙa ƙara gini hagu da dama, har gidan ya zama dogo siriri kamar yadda yake yau, tsawonsa wajen mita 40, faɗinsa 5 kacal. Wannan siffa tana da amfaninta, kusan kowane ɗaki yana da taga mai kallon garka.

Sai maganar launi, wadda ita ce ta sa ake zuwa kallon gidan. Bangon waje ruwan hoda ne. Ƙyamaren taga a ƙauyukan yankin an saba shafa musu toka-toka, shi kuwa ya shafa wa nasa tsanwa, haka matakala da bencinan garka. A ciki ne ya fi saɓa wa zamaninsa. Masu hali na Faransa a ƙarshen ƙarni na 19 sun fi son ɗakin cin abinci mai duhu, da manyan kabad na baƙin katako da labule masu nauyi, don a ga an tara. Monet ya sa aka shafe nasa da ruwan ɗorawa iri biyu, mai haske da mai ɗan kauri, kuma bai tsaya ga bango ba, har kujeru da kabad ya haɗa. Kayan katakon ba masu tsada ba ne, irin na karkarar Normandi ne, fenti ne ya mai da su wani abu. Ƙofar wannan ɗaki tana buɗewa zuwa madafa, wadda aka lulluɓe da fale-falen tangaran shuɗi da fari na garin Rouen. Duk wanda ke zaune a tebur in an buɗe ƙofa zai ga shuɗi ta cikin ɗorawa. Da gangan aka yi hakan.

A bangon madafar an rataye tukwane da kasake na jan ƙarfe, daga babba zuwa ƙarami, suna ƙyalli. Karon farko da na ga hotonsu jeren ɗakin kakata ya faɗo mini, tasoshi da kwanoni da faya-fayi da aka tsara har kusa da rufi, kowane da wurinsa, kuma in ka matsar da ɗaya za ta gane ko cikin duhu ne. Hankali ɗaya ne: kayan aiki su ne kayan ado, tsarinsu kuma shi ne sa hannun mai ɗaki.

Abin mamaki, a wannan ɗakin cin abinci Monet bai rataye zanensa ba. Hotunan Japan ya jera, irin waɗanda ake sassaƙawa a katako a buga a takarda, na su Hokusai da Hiroshige da Utamaro. Ya tara sama da 200, sun cika ɗakin sun malala zuwa ƙaramin falo shuɗi da matakala, alhali bai taɓa taka ƙasar Japan ba. A ɗakin kwanansa a sama kuwa zanen abokansa ya ajiye, su Cézanne da Renoir da Berthe Morisot. Nasa suna can cikin tsohon rumbun da ya mayar ɗakin aiki, daga baya ya zama wurin shan kofi da karɓar baƙi. Mutumin da duniya ke rububin aikinsa, abin da ya zaɓa ya gani in ya farka aikin wasu ne. Yara takwas sun tashi suna cin abinci kullum ƙarƙashin hotunan wata ƙasa mai nisa, ba tare da an zaunar da su an ce yau darasin zane za a yi ba.

Garkar ce ta fi cin lokaci, kuma a shekarun farko ba kuɗin ɗaukar ma'aikata. Monet da kansa yake haƙa yake dashe, yara kuma su ke ban ruwa da marece. Sannu a hankali ya tumɓuke tuffa ya sa itatuwan furanni na Japan, ya kawar da shingayen da ake askewa daidai wa daida irin na lambunan sarakunan Faransa, ya ja dogayen fangali ya cika su da furanni bisa launi da lokacin fitowarsu, ta yadda in wani ya kaɗe wani na buɗewa tun daga bazara har sanyi ya shigo. Bai damu da darajar fure ba. Yakan haɗa na daji da ake takawa a gona da wanda aka yi oda da tsada in dai launinsu ya zauna da juna. Abokansa biyu, mai zane Gustave Caillebotte da marubuci Octave Mirbeau, su ma mayun garka ne, suna musayar iri da dashe da shawara ta wasiƙa. Kayan miya kuwa, da furanni suka cinye wurinsu, sai ya sayi wani fili a cikin ƙauyen ya mai da su can, domin mutum ne mai son ci da kyau.

A tsakiyar garkar akwai hanya da ta miƙe daga ƙofar waje zuwa ƙofar gida, gefenta biyu da dogayen itatuwa masu duhun inuwa, irin waɗanda ba su kaɗe ganye. Alice tana son su. Monet ya tsane su, don inuwarsu tana hana furanninsa rana. An yi shekaru ana wannan gardama, kuma yadda ta ƙare ya nuna halin mutumin: bai sare su rana ɗaya ba, sai ya rinƙa rage rassa har suka zama gungume, ya sa furen wardi ya hau su, daga baya aka maye gurbinsu da bakunan ƙarfe da wardi ke bi. Biyu kawai aka bari daf da gida, suna nan har yau. A ƙarshen lokacin zafi wani fure mai yaɗo ruwan lemo yakan malalo daga gefe biyu ya rufe hanyar kusan duka. Masu yawon buɗe ido sun fi ɗaukar hoton wannan wuri, kaɗan ne cikinsu suka san filin daga ne tsakanin mai gida da uwargida.

Tabkin ya zo a 1893. A ƙasan garkar akwai hanya da layin jirgin ƙasa, a tsallakensu kuma wani fili mai dausayi inda wani ƙaramin rafi mai suna Ru, reshen Epte, yake wucewa. Monet ya sayi filin, ya nemi izinin karkato ruwan rafin ya cika tabkin da zai haƙa. Nan ƙauye ya tashi. Manoma suna shayar da dabbobinsu a wannan ruwa, mata suna wanki a ciki, sai ga baƙo ɗan birni zai shuka tsirran da ba wanda ya san su. Suka ce za su sa wa ruwan dafi. Littattafai da yawa suna ba da wannan labari da sigar dariya, wai jahilcin ƙauyawa ne. Ni ban ga abin dariya ba. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake kai ruwa rana tsakanin masu garka da makiyaya a kan tabki guda ya san mutumin da ke ƙasan rafi yana da haƙƙin tambayar abin da na sama ke zubawa. Sun yi kuskure game da bado, ba shi da dafi, amma tambayarsu tana kan hanya. Monet ya rubuta wa farfe na jihar Eure, ya yi amfani da sanayyar da yake da ita, aka ba shi izini a cikin shekarar. Dama can zamansa da mutanen ƙauyen na ciniki ne. A 1891, da aka sa wasu dogayen itatuwan bakin Epte a kasuwa yana tsakiyar zana su, sai da ya haɗa kuɗi da mai sayen katako don a bar su tsaye har ya gama.

Badon ya samo shi daga wani mai renon tsirrai a kudu maso yammacin Faransa, Latour-Marliac, wanda ya yi nasarar haɗa iri ya fitar da masu launin ja da ɗorawa da ke jure sanyin Turai, ya kuma nuna su a babban baje kolin Faris na 1889. Gadar an yi ta bisa siffar waɗanda ke cikin hotunan Japan na ɗakin cin abinci, sai dai maimakon jan da aka saba gani a can, tsanwar gidan aka shafa mata. A 1901 ya ƙara sayen fili ya faɗaɗa tabkin. A lokacin ma'aikatan garka sun kai shida ƙarƙashin wani shugaba, kuma ɗaya daga cikinsu aikinsa shi ne ya shiga kwale-kwale da sassafe ya tsince datti ya wanke ƙurar da ta sauka a kan ganyen bado kafin mai gida ya fito da kayan zane. Da motoci suka yawaita suna tayar da ƙura, Monet ya sa kuɗinsa aka zuba wa hanyar kwalta. Mai karatu a Tawa ko Maraɗi da ke share tsakar gida sau biyu a rana lokacin hunturu yana iya yin murmushi a nan.

Kada a ɗauka zama a irin wannan gida daɗi ne zalla. Komai yana tafiya ne da agogon mutum ɗaya. Yakan tashi tun da asuba, ana cin abincin rana ƙarfe 11 da rabi daidai don ya koma aiki da hasken da yake so, ba a jiran kowa. In zane ya ƙi, ko hadari ya ɓata masa haske, yakan shiga ɗaki ya ƙi magana, gida duka ya yi tsit. Yakan yayyage aikinsa da wuƙa, a 1908 ma ya lalata zanen bado da dama ana daf da baje su. Ikon nan bai tsaya ga fenti da furanni ba. Da Amurkawa masu koyon zane suka cika ƙauyen suna neman ƴan matan gidan, ya hana ɗaya daga cikin agololinsa, Blanche, auren wanda take so, wani mai suna John Leslie Breck. Ƙanwarta Suzanne ta samu ta auri nata Ba'amurken, Theodore Butler, a 1892, bayan an sha fama. Iyayen da ke da tsari mai ƙarfi a gidajensu sun san wannan hali, ko da ba su yarda suna da shi ba: wanda ya iya zaɓar wa bango launi yakan ɗauka ya iya zaɓar wa kowa komai.

Duk da haka gidan ya koyar. Ƙaramin agola, Jean-Pierre, wanda ya tashi yana jan bokitin ban ruwa tare da Michel, ya kamu da son tsirrai har shi da limamin cocin ƙauyen, Toussaint, suka wallafa littafi a 1898 kan tsirran yankin Vernon. Blanche kuwa, wadda aka haifa a 1865, tun tana budurwa take tura baro cike da allunan zane tana bin Monet gona-gona. Yana zane, ita ma ta kafa nata allon a gefe. Bai ɗauki almajirai ba a rayuwarsa, ita ce ta fi kusa da zama ɗaya, kuma ta zama mai zane ta kanta da ake baje aikinta. A 1897 ta auri Jean, babban ɗan Monet. Ba jini tsakaninsu, ba nono, gida ɗaya kawai suka tashi.

Daga nan sai rashi ya fara bin gidan. Suzanne ta rasu a 1899. Ambaliyar 1910 ta lalata bakin tabkin. Alice ta rasu a 1911, shekara ta gaba likita ya tabbatar wa Monet yana da yanar ido, a 1914 kuma Jean ya rasu bai bar ɗa ba. Blanche ta tattara kayanta ta dawo Giverny, ba ta sake barin tsohon ba. Ta ajiye nata zanen gaba ɗaya muddin yana raye. Ita ke kula da madafa da ma'aikata da baƙi, ita ke jure fushinsa lokacin da launuka suka rikice masa a ido, kafin a yi masa aiki a 1923 da kuma bayan aikin.

A cikin wannan hali, ana Yaƙin Duniya na Farko, Michel da Jean-Pierre suna soja, ya sa aka gina masa wani ƙaton ɗakin aiki a gefen garka ya fara manyan zanen bado masu tsayin mita 2. Washegarin tsagaita wuta, 12 ga Nuwamba 1918, ya rubuta wa abokinsa Georges Clemenceau, shugaban gwamnati, cewa zai ba ƙasa kyautar zane. Wannan Clemenceau shi ne dai wanda a farkon shekarar ya tura Blaise Diagne Afirka ta Yamma ɗibar sojoji, sunan da malaman tarihi a nan suka sani ta wata fuska dabam. Shi ya yi ta lallashin tsohon yana matsa masa har aikin ya kammala. Monet ya mutu ranar 5 ga Disamba 1926 yana da shekara 86, an buɗe ɗakuna biyu na zanen a gidan tarihi na Orangerie a Faris a watan Mayu na 1927.

Gado bai zo da gardama ba, don doka a fili take. Michel ne kaɗai ɗan da ya rage, shi ya gaji gida da garka da tarin zanen da ke ciki. Blanche, agola kuma matar marigayi, zama kawai aka bar mata. Michel bai zauna a Giverny ba. Ya yi gidansa a wani ƙauye mai suna Sorel-Moussel, sha'awarsa motoci ce da tafiye-tafiyen farauta a Afirka, yakan sayar da zane in yana bukatar kuɗi. Blanche ce ta riƙe gidan shekara 21, har da shekarun mamayar Jamus. Ta bar ɗakuna yadda suke, ta ci gaba da sa a dasa abin da aka saba dasawa gwargwadon hannun da ya rage, ta kuma koma ga allonta tana zana garkar. Ba takardar da ta ɗora mata wannan. Ta san wane fure ke bin wane, ta san dalilin da ya sa ƙofar madafa take shuɗiya, domin tana wurin aka yi.

Ba na son a yi wa Michel rashin adalci. Yaron da ya rasa uwa yana shekara ɗaya, ya tashi ƙarƙashin uba irin wannan, ba abin mamaki ba ne in ya nemi iska a wani wuri. Kuma bai watsar da dukiyar ba, ya yi wasiyya da ita ga Cibiyar Fasaha ta Faransa, Académie des Beaux-Arts, shi ya sa gidan tarihi na Marmottan a Faris ya fi ko'ina tarin zanen Monet a yau. Amma zane ana iya jingine shi a bango shekara 40 ya tashi lafiya. Garka ba ta jira. Mu da muka san gidan ƙasa mun san wannan: ginin da magini ya yi wa zane a fuska, irin na unguwar Birni a Damagaram, yana tsaye ne muddin akwai mai tunawa da yaɓe kafin damina da gyaran indararo. In magada suka watse, kowa yana cewa na kowa ne, damina uku ta isa ta shafe abin da aka yi shekara hamsin ana kiyayewa, kuma ba wanda za a nuna a ce shi ya rushe.

Haka ta faru a Giverny bayan rasuwar Blanche a 1947. Da Michel ya mutu a haɗarin mota kusa da Vernon a 1966, yana da shekara 87, cibiyar da ta gaji gidan ta gyara rufi ta kwashe zanen zuwa Faris, amma ba ta da kuɗin sauran. Lokacin da aka danƙa aikin ga Gérald Van der Kemp a 1977, mutumin da ya yi suna wajen gyaran fadar Versailles, daɓen katako da matakala sun ruɓe, gilasan ɗakin renon tsirrai sun farfashe tun bama-baman yaƙi, itatuwa sun tsiro a cikin babban ɗakin aiki, tabkin ya cike da laka, gadar kuma ba ta gyaruwa sai dai a yi sabuwa. Mafi yawan kuɗin gyaran daga Amurka ya fito, ta hanyar matarsa Florence, wadda Ba'amurkiya ce, da attajirai irin su Lila Acheson Wallace ta mujallar Reader's Digest. Wani attajirin, Walter Annenberg, ya biya kuɗin haƙa hanya ta ƙarƙashin titi don baƙi su tsallaka zuwa tabki. An buɗe wa jama'a a 1980, kuma yanzu sama da mutum dubu 500 ke shiga kowace shekara tsakanin Afirilu da farkon Nuwamba.

Abin da suke gani yana da kyau, amma ya kamata malami ya gaya wa ɗalibansa ko mene ne. Gadar da ake ɗaukar hoto a kanta ba ita Monet ya taka ba. Zanen da ke rataye a ɗakin aikinsa da ɗakin kwanansa kwafi ne. Layin jirgin ƙasa ya tafi. Garkar da aka yi domin idon mutum ɗaya, wanda yake iya tumɓuke fangali guda in launinsa ya gundure shi, yanzu dole ta yi fure kowace rana ta wata bakwai don kada mai tikiti ya koma da ƙorafi, kuma ba mai ikon canja ta, tunda aikin ma'aikatan shi ne su tsare ra'ayin wanda ya mutu tun 1926. A zamaninsa gidan bai taɓa zama shekara biyar a siffa ɗaya ba.

Masu gyaran ma ba su sami wani tsari rubutacce da ya ce ga abin da ke kowane fangali ba. Shugaban ma'aikatan garka, Gilbert Vahé, da Van der Kemp sun bi tsofaffin hotuna da wasiƙu da takardun odar iri, da zanen Monet kansa, sannan suka nemi waɗanda suka taɓa ganin wurin da idonsu. Cikin waɗanda suka fi taimakawa akwai wani mai zane, Jean-Marie Toulgouat, wanda aka haifa a Giverny a 1927, shekara guda bayan mutuwar Monet. Jikan Suzanne ne, wato daga tsatson agololin ya fito, ba shi da digon jinin mai gidan. Ya yi ƙuruciyarsa yana shiga yana fita a gidan lokacin da Blanche ke riƙe da shi, a hannunta ya fara koyon riƙe burushi, kuma da aka zo tambayar wane irin ɗorawa ne a bango, wane fure ne a bakin matakala, yana cikin ƴan kaɗan da suka iya ba da amsa.